Muhammad Ali: Zakaran da ya yarda ya rasa kambu saboda aƙidarsa

An haifi Cassius Clay ranar 17 ga Janairu, 1942 a Louisville, Amurka. Yana ɗan shekara 12 aka sace masa keke, ya kai ƙara wurin wani ɗan sanda, Joe Martin, shi kuwa ya ja shi zuwa damben boksin. A 1960 ya ciyo lambar zinare a gasar Olamfik ta birnin Rum, daga nan ya shiga damben kuɗi.

A 1964 ya buge Sonny Liston, ya zama zakaran duniya. A shekarar ya bayyana musuluntarsa, ya koma Muhammad Ali, har ya kawo ziyara Legas.

Jarabawa ta zo a 1967, da ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam saboda addininsa. Aka ƙwace kambunsa, ya shafe shekara uku da rabi ba dambe, alhali lokacin yake kan ganiyarsa. Kotun Ƙoli ta wanke shi a 1971. A 1974 ya kayar da George Foreman a Kinshasa, kambu ya dawo hannunsa.

Karawa 61 ya yi, ya ci 56. Ya rasu ranar 3 ga Yuni, 2016. Allah ya jiƙansa.