Wendell Scott: makaniken da ya ci tsere aka miƙa wa wani kofinsa

Idan kana yawan kallon gajerun bidiyoyi a waya, da wuya ba ka taɓa cin karo da na tseren motocin Amurka ba: motoci arba'in a manne da juna kamar an ɗaure su da igiya, can sai ɗaya ta goce, sauran su yi ta afka mata. Ana kallo, a ce kai, a wuce na gaba. To yau tsaya, akwai wani mutum da ya kasance cikin ɗaya daga cikin irin waɗannan haɗurran, kuma ya kamata ka san sunansa.

Wendell Scott baƙar fata ne, an haife shi a 1921 a garin Danville na jihar Virginia. A kudancin Amurka na wancan lokacin, doka ce ta raba baƙi da farare a makaranta, a gidan abinci, har wajen shan ruwa. Mahaifinsa direba ne kuma makanike a gidajen wasu attajiran farar fata, a wurinsa yaron ya fara sanin inji. Bai gama sakandare ba, ya koma tuƙin tasi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka tura shi Turai yana gyaran motocin soja. Bayan ya dawo ya buɗe gareji, a gefe kuma yana safarar barasar da ake dafawa a ɓoye. Ba abin yabo ba ne, kuma an kama shi a 1949. Sai dai gudun tsere wa 'yan sanda cikin dare shi ne makarantar da direbobin tsere da yawa na yankin suka fito daga ciki, farare ma haka.

A farkon shekarun 1950 masu shirya wani ƙaramin tsere a Danville suka nemi baƙin direba don ya jawo musu 'yan kallo. Wato talla suke so su yi da shi. Shi kuma ya shiga ya ƙi fita. Ya samu lasisin NASCAR, ƙungiyar da ke shirya wannan wasa, ya lashe gasar ƙananan motoci ta jihar Virginia a 1959, sannan a 1961 ya hau babban rukuni.

Bari ka gane irin wasan. Motocin ba irin na Formula 1 masu tayoyi a waje ba ne. Siffarsu ta motar gida ce, irin Ford da Chevrolet da kowa ke saye, sai dai an yi wa injin aiki an kuma ɗaure cikinta da ƙarafa. Filin da'ira ce mai kama da ƙwai, ana ta zagayawa hagu har a cika adadin da aka yanka. Manyan direbobi kamfanonin ƙera motoci ne ke ba su inji da kuɗi da ƙwararrun makanikai. Wendell ba shi da ko ɗaya. Motocinsa na hannu ne, kayan gyaransa sau da yawa waɗanda wasu suka gama amfani da su ne, ma'aikatansa kuma 'ya'yansa ne da abokai. Akwai lokutan da shi da kansa zai fito daga mota ana tsakiyar tsere ya kama canza taya. Ga zagi daga 'yan kallo, ga filaye irin Darlington da suka yi shekaru suna ƙin karɓar sa.

Ranar 1 ga Disamba 1963 aka yi tsere a Jacksonville ta jihar Florida, filin ƙasa ne mai ramuka, zagaye 200. Wendell na cikin wata Chevrolet da ya saya a hannun direba Ned Jarrett. Saura zagaye 25 ya wuce Richard Petty, wanda motarsa ta samu matsala, ya koma gaba. Ya cika zagaye na 200, mai tuta bai kaɗa ba. Ya sake zagayowa, shiru. Sai aka kaɗa wa Buck Baker, farar fata, aka miƙa masa kofi, aka ɗauki hotuna. Bayan 'yan kallo sun watse ne jami'ai suka ce sun sake lissafi, ashe Wendell ne ya ci, har da rarar zagaye biyu. Suka ba shi kuɗin, dala 1,000. Kofi kuwa ya riga ya tafi.

Hukuma ta ce kuskuren ƙirga ne, kuma gaskiya a lokacin da hannu ake ƙirgawa. Amma mutane da yawa, har da shi kansa, sun tafi a kan cewa an guji ganin baƙar fata a tsaye kusa da sarauniyar kyau farar fata da ke miƙa kofi. Ni dai abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bai yi zuciya ya bar wasan ba. A 1966 ya ƙare na shida a jadawalin maki na shekara gaba ɗaya, da irin waɗancan motocin nasa. A rayuwarsa ya shiga tsere 495 a babban rukuni, sau 147 yana cikin goman farko.

Yanzu mu zo Talladega, inda haɗarin ya faru. Fili ne a jihar Alabama da aka buɗe a 1969, tsawon zagaye ɗaya ya haura kilomita huɗu, kwanoninsa kuma a karkace suke har digiri 33, kamar gefen kwano. Wannan karkatar ce ke sa direba ya sha kwana ba tare da ya ɗaga ƙafa daga totur ba, ana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. A irin wannan fili dabara ba ta isa, sai kana da inji mai ƙarfi. Wendell ya san haka. Shekara goma sha biyu yana lallaɓa tsofaffin motoci, yana gama tsere a bayan mutanen da yake ganin bai kamata su wuce shi ba. A 1973, yana da shekara 51, ya ci bashi mai nauyi ya sayi Mercury mai gudu, irin motar da bai taɓa mallaka ba.

Ranar 6 ga Mayu 1973 aka tashi tseren Winston 500, mil 500, kusan kilomita 800. An bar motoci 60 sun shiga, yawan da ya wuce ƙima. Ba a kai ga gama zagaye na goma ba injin wata mota ya fashe, mai ya malale a kan kwalta. Ka ƙiyasta: kana gudun nan, tayoyinka sun hau mai, gabanka hayaƙi da ƙura sun rufe komai, bayanka kuma motoci na tahowa ba su san abin da ke faruwa ba. Kimanin motoci 20 ne suka lalace. Ta Wendell na ciki, ta zama tarkace. An kwashe shi da karaya a ƙugu da haƙarƙari da ƙafa. David Pearson ne ya lashe tseren a ranar.

Motar da ya jira tsawon rayuwarsa ba ta yi minti goma a fili ba. Bashin kuwa ya yi shekaru yana biya.

Ya sake shiga tsere sau ɗaya a ƙarshen shekarar, a Charlotte, ya zo na 12, daga nan ya koma garejinsa a Danville. A 1977 aka yi fim a kan rayuwarsa mai suna Greased Lightning, Richard Pryor ne ya fito a matsayinsa, sai dai an ƙara gishiri sosai. Ya mutu ranar 23 ga Disamba 1990 sakamakon cutar daji a ƙashin baya, yana da shekara 69, kofin Jacksonville bai taɓa shiga hannunsa ba.

A 2015 NASCAR ta saka sunansa a zauren gwarazanta, baƙar fata na farko da ya shiga. A Agusta 2021 ta miƙa wa iyalansa wani kofi a madadin na wancan tseren a filin Daytona. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 4 ga Oktoba 2021, Bubba Wallace ya zama baƙar fata na biyu da ya ci tsere a babban rukuni, kusan shekara 58 bayan na farko. Ruwan sama ne ya sa aka tsayar da tseren yana kan gaba, kuma a Talladega aka yi shi.