Dokta Stirrett, Bature Mai Magani

A karanta Luka 14:25-33 tukuna.

Sau da yawa ɗalibi yakan zo wurin fasto ko dattawan ikilisiya a nan Jos, ya ce yana so ya bar fannin da ya fara a jami'a, ya koma wani. Iyaye sukan ji zafin wannan, gama sun riga sun kashe kuɗi, suna kuwa sauraron amfani. Domin haka muka ga ya kamata mu ba da labarin wani mutum wanda ya sāke hanyar karatunsa har sau biyu, ya kuwa ƙare kwanakinsa a wannan gari namu.

An haifi Andrew Park Stirrett a ƙasar Kanada a shekara ta 1865. Da fari ya koyi haɗa magani, ya buɗe kanti a birnin Toronto, ciniki ya karɓe shi har ya tara dukiya da gidaje. Mutum mai irin wannan rufin asiri ba safai yakan koma bencin makaranta ba. Amma shi, bayan ya haye shekara talatin, sai ya shiga karatun likita, gama yana so ya san cutar da kanta, ba maganin kaɗai ba.

Yana cikin wannan ne wani ɗan littafi ya faɗa hannunsa, mai ba da labarin Sudan. A lokacin nan, in an ce Sudan, ana nufin dukan ƙasashen da ke kudu da hamada, har da ƙasar Hausa. Labarin kuwa ba mai daɗi ba ne. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Ikko da niyyar shiga cikin ƙasa. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. Stirrett ya san wannan sarai. Ya kuma san shekarunsa 37, ƙungiyoyin mishan kuwa sun fi son matasa, don harshe yakan yi wa babba wuya.

Ga abin da ya yi. Ya miƙa dukiyarsa ga ƙungiyar nan da aka sani daga baya da suna SIM, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Liverpool ta Ingila, ya iso wannan ƙasa a 1902. A nan ne muke roƙon mai karatu ya tsaya kaɗan. Wanda ya bar karatu domin jarrabawa ta kayar da shi, da wanda ya bari bayan ya zauna ya yi lissafi kamar mai ginin nan na cikin Luka, a ido duk ɗaya ne, amma zuciyarsu dabam. Stirrett ba gudun wuya ya yi ba, wuyar ma ya nufa. Haka Martin Luther, sa'ad da ya bar karatun shari'a a Erfurt a 1505, mahaifinsa ya husata ƙwarai, shi kuwa ya zaɓi hanyar da ta fi tsanani.

Stirrett ya fara aiki a Patigi, cikin ƙasar Nufe, sa'an nan ya koma Wushishi. Karatunsa na uku ya soma ke nan, wato Hausa, ba jami'a, ba takardar shaida, sai kunne da baki da haƙurin masu gyara masa. Ya ƙaunaci Hausawa ƙauna mai yawa. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932, tare da Dokta Walter Miller na Zariya da malamai 'yan ƙasa. Mu da muke wannan aiki yau mun san nauyin kalma guda, mun kuma san bashin da suke binmu. Ya sa hannu kuma cikin shirya littafin waƙoƙi na Hausa.

To, karatun farko ya tafi a banza ke nan? Sunan da mutane suka ba shi ya isa amsa, gama Bature Mai Magani suka kira shi. Sanin da ya samu a bayan kanta a Toronto ya biyo shi har ƙasar zazzaɓi, ya taimaki marasa lafiya, ya taimaki abokan aikinsa. Manzo Bulus ma, sa'ad da ya ambaci Luka a Kolosiyawa 4:14, da sana'arsa ta likita ya ambace shi.

Bai yi aure ba, bai kuwa sāke tara dukiya ba. A shekarunsa na ƙarshe ya zauna a Jos, kowace rana yakan tafi kasuwa ya yi wa'azi da Hausa, mahaƙan kuza da fatake suna tsayawa, waɗansu su saurara, waɗansu su wuce. Ya rasu a Jos a 1948, shekara 46 bayan isowarsa.