Roger Williams, Mai Kare 'Yancin Lamiri

An haifi Roger Williams a birnin Landan wajen shekara ta 1603. Ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, ya zama mai wa'azi cikin waɗanda ke marmarin a tsarkake Ikkilisiyar Ingila bisa ga koyarwar Littafi Mai Tsarki. Da tsanani ya yi yawa, sai ya haye teku tare da matarsa Mary, suka sauka a Boston ta Amurka a 1631.

A can ya tarar waɗanda suka guje wa tsanani su ma sun soma tsananta wa wasu. Williams ya koyar cewa ikon mahukunta yana kan jiki da dukiya, amma ba su da hurumin hukunta mutum a kan sujada, gama bangaskiyar dole ba bangaskiya ba ce. Ya kuma ce Sarkin Ingila ba shi da ikon ba da ƙasar 'yan asalin wurin ba tare da an saya daga hannunsu ba. Saboda haka majalisar Massachusetts ta yanke masa hukuncin kora a watan Oktoba na 1635.

A Janairun 1636 ya tsere cikin tsananin sanyi, mutanen kabilar Wampanoag suka ba shi mafaka. A wannan shekara ya sami fili daga sarakunan Narragansett, ya kafa gari ya sa masa suna Providence, wato tanadin Allah. A nan ba a hukunta kowa saboda addininsa. A 1638 ya taimaka aka kafa ikkilisiyar Baptis ta farko a Amurka, ko da yake bai daɗe a cikinta ba. A 1644 ya wallafa littafi a kan muguntar tsananta wa mutum saboda lamirinsa, Majalisar Ingila ta sa aka ƙone shi.

Williams bai ɗauki kowace koyarwa daidai ba. A 1672, da tsufansa, ya tuƙa kwalekwale zuwa Newport domin ya yi muhawara da 'yan ɗarikar Quaker, amma bai nemi a kore su ba. Ya rasu a 1683. 'Yancin da ya sha wahala dominsa ya shiga tsarin mulkin Amurka a 1791. Rayuwarsa tana koya wa masu bi su riƙe gaskiya gam, su kuma bar hukuncin zuciya ga Ubangiji.