Mendeliyef, Malamin da Ya Jera Sinadarai

An haifi Dimitiri Mendeliyef a shekarar 1834 a Tobolsk, cikin Sibiriya ta ƙasar Rasha, inda sanyi kan daskarar da koguna. Shi ne autan gidansu. Ubansa shugaban makaranta ne, amma ya makance, sai ɗawainiyar gida ta komo kan uwar. Ta riƙe wata masana'antar gilashi, da ita take ciyar da su. Uban ya rasu a 1847, ba a daɗe ba kuma gobara ta cinye masana'antar ƙurmus.

Da wata ce, da ta sa yaron neman abin sawa a baka. Ita kuwa ta ɗauke shi, suka yi tafiyar da ta fi mil 1,000 zuwa Mosko neman makaranta, aka ƙi shi. Suka zarce Sen Fitasbag, aka karɓe shi a kwalejin horon malamai a 1850. A shekaran nan ta rasu, ba ta ga abin da ta shuka ba.

Da ya zama babban malami a jami'ar birnin, sai ya shiga rubuta wa almajiransa littafi a kan sinadarai na asali, watau irin su ƙarfe, da zinariya, da farar wuta, waɗanda daga gare su ake haɗa sauran abubuwa. A lokacin an san guda 63, amma barkatai suke, kamar hatsin da aka zube ba a ware gero da dawa ba. A 1869 ya jera su daga marar nauyi zuwa mai nauyi, sai ya lura halinsu yana komowa, yadda kwanakin mako ke komowa. A kalanda kowace Jumma'a tana ƙarƙashin Jumma'a. To, haka sodiyam, wanda ke cikin gishiri da kanwa, ya sami fotasiyam na cikin toka a ƙarƙashinsa, halinsu kuwa kusan ɗaya.

Ga inda ƙarfin zuciyarsa ya bayyana. Wurin da jerin bai daidaita ba, bai cusa kome da ƙarfi ba, sai ya bar gurbi, ya ce akwai sinadarin da ba a gano ba tukuna, har ya faɗi nauyinsa da halinsa. Da abin ya zo saɓanin haka, da sunansa ya zube a idon masana. A 1875 wani Bafaranshe ya gano galiyam, wani ƙarfe mai narkewa a tafin hannu kamar man shanu. Ya auna, ya ce ya ninka ruwa nauyi sau 4.7. Mendeliyef, wanda bai taɓa ganin ƙarfen ba, ya rubuta cewa awon bai yi daidai ba, kamata ya yi ya kusa 6. Aka tace ƙarfen aka sake awo, sai ga 5.9. A 1879 da 1886 aka cike waɗansu gurabe biyu.

Duk da haka bai san dalilin wannan komowa ba. Daga baya aka gane cewa ƙwayar kowane sinadari tana da cibiya, da 'yan ƙananan abubuwa, ana kiransu ilaktaron, jere kewaye da ita hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Sodiyam yana da 11: 2 a ciki, 8 a tsakiya, 1 a waje. Fotasiyam ma 1 gare shi a waje, shi ne dalilin kamarsu. Wannan na waje kamar ɗan tsako ne da ya yi nisa da uwarsa, shirwa ba ta shan wuyar ɗaukarsa. In aka bi layi zuwa dama, galibi cibiya tana ƙara ƙarfin riƙo, fizge ilaktaron ya ƙara wuya. In aka gangara ƙasa kuwa, nisa ya ƙaru, fizgewa ta yi sauƙi.

Mendeliyef ya rasu a 1907. A 1955 masana a Amurka suka ƙera sinadari na 101, suka sa masa sunansa. Yau jadawalin yana da sinadarai 118.