Marigayi Theodore Maiman, Mai Hasken Yaƙutu

An haifi Theodore Maiman a Los Anjalis ta Amurka a 1927. Ran 16 ga Mayu 1960, a ɗakin binciken kamfanin Hughes, ya haska guntun jan yaƙutu da fitilar masu ɗaukar hoto, sai ga jan hasken leza na farko a duniya, daga na'urar da ba ta fi tafin hannu ba. Mujallar da ya fara aika wa rahotonsa ta ƙi bugawa, sai Nature ta Ingila ta buga. A 1961 masana a Mishigan suka juya irin wannan haske ya koma wanda ya zarce shunayya, wanda ido ba ya gani. Har ya rasu a Kanada a 2007 bai sami kyautar Nobel ba.