Hugo Meisl: Daga Usur zuwa Horar da Ƴan Wasa

An haifi Hugo Meisl a ƙasar Bohemiya cikin shekarar 1881, ya girma a birnin Viyana na Ostiriya. Ma'aikacin banki ne, amma hankalinsa yana wajen ƙwallon ƙafa. Ya buga wasa bai yi wani suna ba, sai ya ɗauki usur, har ya yi alƙalanci a wasannin Olimpik na Stokholm cikin 1912. A wannan shekara aka danƙa masa ƙungiyar ƙasarsu.

Shi da abokinsa Jimmy Hogan, mutumin Ingila, suka koya wa ƴan wasa miƙa ƙwallo ƙasa-ƙasa, daga ƙafa zuwa ƙafa, maimakon dogara ga ƙarfin ƙirji. Ran 16 ga Mayu 1931 suka ci Sikotilan 5 da 0, ga shi kuwa ƴan Sikotilan ne tushen wannan salon wasa.

Kofin duniya kam bai same shi ba. Cikin 1934, a wasan kusa da na ƙarshe, Italiya ta fid da su da ci 1 da 0 a Milan, bisa fili mai caɓi. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa ran 17 ga Fabrairu 1937, yana riƙe da ƙungiyar.