Albert Kitson, Baturen da ya gano kwal ɗin Inugu

An haifi Albert Kitson a kusa da birnin Manchester na ƙasar Ingila a shekarar 1868, amma a Ostareliya ya tashi. A can ya fara aikin akawu, yana kuma karatun ilimin duwatsu, har ya shiga ma'aikatar binciken ma'adinai ta jihar Victoria.

A 1906 aka naɗa shi shugaban masu neman ma'adinai a Kudancin Nijeriya. Aikin kuwa na ƙafa ne: a bi rafi da kwazazzabo, a duba yadda duwatsu suka kwanta hawa-hawa, a auna kaurin kowane hawa. Ta haka a 1909 shi da ayarinsa suka ci karo da kwal a tuddan Udi. Wannan kwal ragowar itatuwan fadama ne da yashi da laka suka binne kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce.

Saboda wannan kwal aka gina tashar jirgin ruwa ta Fatakwal, aka ja layin dogo zuwa mahaƙar a 1916, garin Inugu ya kafu, fatake suka samu sabuwar kasuwa.

A 1913 Kitson ya koma ƙasar da ake kira Gana a yau, inda ya gano manganis a Nsuta da lu'ulu'u a kwarin kogin Birim. Shi ne kuma ya fara ba da shawarar a tare kogin Volta don samun lantarki, abin da ya tabbata a Akosombo a 1965. Ya rasu a 1937.

Bayansa masana sun ci gaba da gyara aikin. Da farko sunan shimfiɗun kwal na Ingila aka ara aka laƙaba wa na Inugu, ana cewa na sama da na ƙasa, alhali na Ingila sun haura shekara miliyan 300. A 1965 Richard Reyment ya sauya musu suna bisa ƙa'idar kiran kowace shimfiɗa da sunan wurin da ta fi bayyana: ta ƙasa Mamu, dutsen yashin da ke tsakiya Ajali, ta sama Nsukka. Da waɗannan sunaye masu neman kwal ke aiki har yau.